Tuffar da ta bugu ba ta bola ba ce: yadda ake gasa ta a fanshe uwar kuɗi

Duk wanda ya saba zama a tashar motar Bawku da la'asar sakaliya ya san abin da za mu faɗa. Mai tallar tuffa, wadda a kasuwa aka fi kira afil, za ta sauke farantinta ta shiga juya 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, tana mayar da gefen da ya yi tabo ƙasa, mai sheƙi kuma sama. Waɗanda tabonsu ya fi ƙarfin a ɓoye sai ta ware su cikin leda. Idan magariba ta kawo jiki, ko dai ta karyar da su a kan abin da bai kai kuɗin sari ba, ko ta kai wa yara gida, ko kuma su ƙare a bola. Haka abin yake a Yendi, haka yake a Salaga, kuma kusan kowa ya ɗauki wannan asara a matsayin wani haraji da ba makawa sai an biya.

To, bari mu yi lissafi irin na bakin rumfa. A ce mutum ya sari tuffa a kan biyar yana sayarwa shida, ribarsa ɗaya ke nan a kan kowace. Duk tuffa guda da ya jefar ta tafi da ribar guda biyar. Kwalin da ake kawo mana yakan ɗauki kilo 18 da 'yan kai, kuma lambar nan da ake bugawa a gefensa, 135 ko 150 ko 165 ko 198, yawan 'ya'yan da ke ciki take nunawa. Idan a kwali mai 150 aka sami 15 da suka bugu, ribar 75 ta tafi, ban da tasu ribar, wato gaba ɗaya fiye da rabin abin da aka yi tsammani. Idan suka kai 25 kuwa, to an yi wa rana da ƙura aikin banza, domin abin da ya rage uwar kuɗi kawai zai mayar. Wannan ne dalilin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayanin wani gashi da Turawan Ingila ke yi da tuffa, wanda muka shafe makonni muna gwadawa a gida kafin mu yarda mu yi maganarsa a rediyo ko a wannan shafi.

Da farko dai, me ya sa tuffa ke saurin lalacewa a hannunmu? Amsar ita ce baƙuwa ce. Bishiyarta na bukatar sanyin hunturu mai tsanani kafin ta yi fure yadda ya kamata, abin da ƙasarmu ba ta da shi. Mafi yawan wadda muke gani daga Afirka ta Kudu take zuwa, daga yankunan Seres da Elgin da ke kusa da Kef Tawun, inda ake tsinkarta daga wajen Janairu zuwa Mayu, a adana ta a ɗakunan sanyi, sannan a loda ta cikin kwantena mai firji, a sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, har zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema. Daga nan gatanta ya ƙare. Daga Tema zuwa Bawku tafiyar sama da kilomita 800 ce, ta Kumasi da Tamale da Bolga, yawanci a ƙarƙashin wasu kaya ko a saman mota. Ta Salaga kuwa ko ta zagayo ta Tamale, ko ta jira jirgin fito a Yeji ta ƙetare tafkin Bolta zuwa Makango. Kowane rami a hanya tabo ne a jikinta. Sannan a watannin Maris da Afrilu zafi a Bawku kan haura digiri 40, ga shi kuma azumin 2023 da na 2024 sun faɗo cikin waɗannan watanni, lokacin da aka fi neman tuffa domin buɗe-baki. Bayan haka tuffa na fitar da wata iska daga jikinta da ke hanzarta nuna, wadda ta bugu kuma ta fi fitar da ita, shi ya sa idan an bar ta cikin 'yan'uwanta sai ta ja su. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Ga kuma batun kuɗi. Da dala ake shigo da tuffa, don haka duk abin da ya sami sidi ya same ta. A 2022 da sidi ya faɗi warwas, har hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, masu wannan sana'a sun ji a jikinsu, musamman na bakin iyaka da ke saye da sefa a Sinkase su sayar da sidi a gida. A Bawku an ƙara da dokar hana fita da aka riƙa sanyawa tun ƙarshen 2021 saboda rikici, wadda ta riƙa cinye cinikin yamma, alhali shi ne lokacin da mai kayan marmari ke rabuwa da ragowar kayansa.

Sai dai fataucin kaya mai lalacewa ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu da suka riƙa tasowa da ayari daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, suna kawo kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, goro suke komawa da shi, tafiyar watanni a bayan jakuna. Ba don sun iya naɗe huhu da ganye, suna kwancewa a zango suna yayyafa ruwa suna tsince wanda sankara ta taɓa ba, da babu goron da zai isa Kano da ɗanyantakarsa. Sun san cewa rabin ribar falke a wajen tsinta take. Abin da muka rasa a kan tuffa shi ne sanin abin da za a yi da wadda aka tsince, kuma a nan ne gashin Ingila ya shigo.

Su suna kiransa kirambul, kalmar da a harshensu ke nufin marmashewa, don haka mu sai mu ce gashin tuffa mai marmashi. Kada mai karatu ya ji an ce Ingila ya ɗauka abincin masu hali ne. Babu ce ta yaɗa shi. A lokacin yaƙin Hitila, wanda dattawanmu da dama suka je Bama saboda shi, gwamnatin Ingila ta fara raba sukari da bota da awo a watan Janairun 1940, kuma ba a saki sukari ba sai 1953. Gashin tuffa da suka saba yi a da, wanda ake naɗe ta cikin kwaɓaɓɓiyar fulawa sama da ƙasa, yana cin mai da yawa. Sai matan gida suka koma murza ɗan man da suka samu cikin fulawa da sukari, su ƙara auki da hatsin ot ko marmashin burodi, su barbaɗa a kan yankakkiyar tuffa su gasa. Da yaƙi ya ƙare abin ya riga ya kama baki, har yau kuma suna ci. Ot ɗin nan shi ne wanda muka sani da Quaker a teburin mai shayi, hatsin ƙasashen sanyi ne irin su Kanada da Rasha, ana turara shi a latse shi ya yi fale-fale kafin a zuba a gwangwani.

Kafin a kunna wuta akwai maganar da ba ma so a tsallake, domin ta fi duk sauran muhimmanci. Akwai bambanci tsakanin tuffar da ta bugu da wadda ta ruɓe. Wadda ta bugu za ka ga tabo mai ruwan ƙasa, wurin ya ɗan yi laushi, amma fatar ba ta fashe ba, ba ta wari, kuma idan aka yanke wurin sauran naman fari ne tas, da ƙarfinsa. Ita ce muke magana a kai, haka ma wadda ta fara yamutsewa saboda zafi. Wadda ta ruɓe kuwa wurin ya yi ruwa, yana warin tsami ko na rima, wani lokaci da funfuna fari ko shuɗi-shuɗi a kai ko a cikin cibiyarta. Irin wannan funfuna na haifar da wata guba da likitoci ke kira fatulin, wadda wuta ba ta kashewa, kuma takan ratsa naman fiye da inda ido ke gani. Wannan ta bola ce, ko nawa aka saye ta. Wanda ya ce zai rufe ruɓa da sukari da kirfa ya sayar wa 'ya'yan mutane, to ba da yawunmu ba, kuma garin neman ƙiba zai samo rama, domin a kasuwa irin tamu da kowa ya san kowa, ciwon cikin yaro guda ya isa ya rufe rumfa.

Yanzu ga awon da ya karɓe mu, da gwangwanin madara ƙarami da kowace mace ke da shi. A sami tuffa takwas zuwa goma daga kwali mai 150, yadda bayan an yanke tabo za a tashi da abin da ya kusa kilo guda. A wanke, a fere, a cire cibiya da 'ya'yan, a yanka kamar girman goro. Ana yankawa ana matsa lemun tsami, guda ɗaya ya isa, domin hana ta yin baƙi, ya kuma ba ta ɗan tsamin da take bukata. Wannan tsami ba ƙaramin abu ba ne. Tuffar da ta fi yawa a kasuwanninmu ita ce mai ruwan ɗorawa da ake kira Golden Delicious, zaƙi gare ta kuma tana saurin narkewa a wuta, don haka cokali biyu na sukari ya ishe ta. Koriyar nan mai tsami, Granny Smith, ta fi jure wuta kuma ta fi daɗin gashi, amma takan so cokali huɗu. Idan aka haɗa biyun ya fi kowanne. A zuba rabin ƙaramin cokali na garin kirfa, in babu a daka kanumfari biyu ko uku da 'yar citta, a ƙara cokali guda na fulawa domin ya kama ruwan da za ta fitar, a juya, a shimfiɗa cikin kwanon gashi da aka shafa wa mai, kaurin yatsu uku.

Sai marmashin, wanda shi ne ke raba gwana da 'yar koyo. Fulawa gwangwani biyu, ot gwangwani ɗaya da rabi, sukari gwangwani ɗaya da bai cika ba, ɗan gishiri, da bota giram 125, wato rabin robar Blue Band mai giram 250. Ana fara murza botar cikin fulawa da kan yatsu, a ɗaga a saki, a ɗaga a saki, kamar mai murza garin dambu, har sai ya koma tsaki-tsaki, sannan a zuba ot da sukari a juya sama-sama. Ba a sa ruwa, ba a sa ƙwai, ba a kuma kwaɓawa.

A nan ne muka fara faɗuwa. Ran da muka yi gwajin farko da azahar muka yi shi, rana na tsakar ka, botar ta riga ta narke tun a cikin robarta. Uwargida tana murzawa abin yana dunƙulewa, muka ce ai ba komai, muka danna shi a kan tuffar muka gasa. Abin da ya fito wani faifai ne mai tauri a sama, ƙasansa kuma danƙo, yara suka ci na ciki suka bar mana murfin. Littattafan Turawa duk cewa suke a yi amfani da bota mai sanyi, domin su sanyi kyauta suke samunsa. Mu da ba kowa ke da firji ba, dabarar ita ce a yi murzar da asuba, a kwana da robar botar cikin ruwan randa, a kuma ɗora kwanon murzar a kan wani mai ruwan sanyi. Idan duk da haka ta narke, kada a sa hannu: a haɗa busassun kayan duka, a tsiyaya botar a kai, a juya da cokali mai yatsu har ya yi gudaji-gudaji, a bar shi ya ɗan sha iska. Sannan barbaɗa shi ake yi a kan tuffar ya rufe ta ruf, ba a dannawa.

Mai obin na gas ko na lantarki sai ya sa a digiri 180, minti 35 zuwa 40. Amma mun san yawancin masu karatunmu da tukunya za su yi, kamar yadda ake gasa kek na biki. A zuba yashi mai tsabta ko tsakuwa kaurin yatsu biyu a babbar tukunya, a rufe a ɗora a murhun gawayi kamar minti 15. Domin gane zafin, a barbaɗa 'yar fulawa a faranti a sa ciki: idan ta yi ja-ja cikin minti biyar wuta ta yi daidai, idan ta ƙone a rage. Kuskurenmu na biyu shi ne mun bar wutar duka a ƙasa, tuffar ta kama ta yi ɗaci alhali marmashin na nan fari fat. Wannan gashi wutar sama yake so. A kwashe yawancin garwashin a ɗora a kan murfi, a bar kaɗan a ƙasa. Alamar ya nuna ita ce saman ya yi ja kamar soyayyar gyaɗa, ruwan tuffar kuma yana tafarfasa ta gefen kwano. A bar shi ya huce kamar minti 20 kafin a taɓa. Wadda ke da maƙwabci mai gidan burodi a zango ta huta da duk wannan, domin zafin da ke saura a tanderun ƙasa bayan an kwashe burodin ƙarshe ya isa ya gasa kwanoni da dama, in an yi magana da maigidan an san abin da za a ba shi.

Wani zai ce, to an gudu daga asarar tuffa an faɗa tsadar ot da bota, waɗanda su ma daga waje suke zuwa. Gaskiya ne, kuma a kan wannan muka fi ɓata lokaci. Aikin ot a cikin marmashin shi ne garas-garas da ƙamshin hatsi, kuma muna da abubuwan da za su yi wannan aiki. Soyayyar gyaɗa da aka cire wa ɓawo aka ɗan daddaka, irin wadda ke cike da kasuwar Yendi bayan kaka, ta maye rabin ot ɗin ba tare da kowa ya yi ƙorafi ba, a bakinmu ma ta fi daɗi, sai dai a tsince duk wadda ta yi baƙi ko funfuna, domin ita ma tana da tata gubar. Riɗi cokali biyu ya ƙara armashi. Garin soyayyar masara da muke dama Tom Brown da shi ya zauna a madadin kashi ɗaya cikin uku na fulawar. Tsakin gero ɗanye kuwa bai yi ba, ya fito kamar tsakuwa, saboda ot an riga an turara shi tun a masana'anta, gero kuwa ba a yi masa haka ba. Da muka turara shi kamar dambu muka shanya ya sha iska, sai ya ba da kai. Man shanu da aka soya ya fi Blue Band ƙamshi nesa ba kusa ba, amma da yake shi mai ne zalla sai a rage awon kaɗan. Man kaɗe shi kaɗai ya danne ƙamshin tuffar, kuma idan ya huce yakan kama dasashi. Rabi da rabi da bota ne ya yi dama-dama, shi ma sai an sami mai kyau na ci.

Dangane da ciniki kuwa, ra'ayinmu a fili yake. Duk wanda ya sayi lafiyayyar tuffa domin ya gasa ya sayar a Salaga ko Yendi zai faɗi, domin babu mai biyan abin da zai mayar da kuɗin. Wannan gashi yana biya ne kawai idan tuffar ta riga ta fita daga faranti, wato kuɗinta ya riga ya mutu ana neman abin da za a tsira da shi. Kilo guda kan ba da kashi shida zuwa takwas, kuma ya fi kyau a gasa a ƙananan gwangwanayen kek domin kowa ya ɗauki nasa. Masu tallar da ke zaune a layi ɗaya za su iya tara abin da suka ware su ba mace guda ta gasa, a raba bisa adadin da kowa ta kawo, tunda kwali guda ba kullum yake ba da abin da zai cika kwano ba. Masu saye kuma ba a nesa suke ba: teburin mai shayi da daddare, ma'aikatan ofis da na asibiti, direbobin manyan motoci da ke kwana a bakin iyaka suna jiran takarda, da masu neman abin buɗe-baki. Wanda ya haɗa shi da kindirmo mai sanyi ba zai nemi kastad ɗin da Turawa ke zubawa ba.

Sai dai a riƙe cewa wannan ba cincin ba ne, ba kuma dubulan ko alkaki da ke yin makonni a kwalla ba. Akwai ruwa a cikinsa, don haka a zafinmu na ranar ne, a gasa da safe a sayar kafin dare. Mai firji na iya kai shi kwana biyu ko uku, amma marmashin zai yi laushi sai an sake ɗumama shi. Busasshen marmashin da ba a gasa ba shi ne ake iya haɗawa da yawa a ajiye a wuri mai sanyi. Kuma duk mai niyyar sayar da dafaffen abinci ya tuna cewa majalisar gunduma na bukatar ya je a duba lafiyarsa ya karɓi takarda, kada duba-gari su zo su same shi hannu rabbana.

Gwajinmu na ƙarshe ba da tuffa muka yi shi ba. Wata 'yar'uwa da ta zo daga Yendi cikin Afrilu ta kawo mana tsarabar mangwaro mai aure, irin wanda ba shi da zare, da yawansa ya ƙosa amma bai gama nuna ba. Muka yanka shi manya-manya, muka rage sukari zuwa cokali guda, muka ninka fulawar da ke kama ruwa domin ya fi tuffa ruwa, muka sa citta a madadin kirfa, saman kuma rabi gyaɗa rabi ot. Ya nuna cikin rabin awa. Wanda ya nuna lugub da muka gwada washegari ya caɓe ya zama kunu, ƙananan nan na gida masu zare kuma ba su yanku ba sam. Baƙuwar tamu ta tafi da awon a rubuce a bayan takardar kalanda, ta ce za ta gwada da kwandon da yakan rage mata ranar kasuwa.